IN KAZA TA YI CARA, CAMFIN YA KAMATA A YANKA

 

Akwai wata tsohuwar jahiliyya da ta ƙi mutuwa a gidajen Musulmin ƙasar nan, birni da ƙauye. Kaza ce a gida shekara uku ko huɗu, ta yi ƙwai, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki kowa na gani. Sai a wayi gari ta daina ƙwai, zankonta ya yi ja ya miƙe, gashin wuyanta da na jelarta ya yi tsawo, rannan da asuba ta hau katanga ta buga fiffike ta yi cara. Shi ke nan gida ya rikice. Wannan ya ce mutuwar maigida take kira, wancan ya ce jifa aka yi, a kawo wuƙa maza kafin ta sake. Kafin hantsi an aika wurin boka ko ɗan tsibbu. Shi kuwa abin nema ya samu, sai ya buga ƙasa ya ce aikin mace ne, kuma ba ta da nisa da gidan.

Da kaza kaɗai abin ke ci, da sauƙi. Amma wa ya san iyakar matan da irin wannan magana ta jefa a uku? Yau a nuna kishiya da baki, gobe a hana yara cin abincin ɗakinta, jibi a miƙa mata takarda. In ba kishiya, akwai tsohuwar maƙwabciya wadda ba ta da mai tsaya mata, a laƙa mata maita, ta ƙare rayuwarta yara na gudunta a hanya. Maigida kuwa da bai iya sayen maganin zazzaɓin 'ya'yansa ba, sai ga shi ya ci bashin baƙin bunsuru da turare da farin ƙyalle. Duk saboda tsuntsuwar da ba ta kai kuɗin turmin zane ba. Subhanallahi!

To wai shin me ya sami kazar? Ciwo ne, kuma masana dabbobi sun daɗe da gano shi. Duk wadda ta taɓa feɗe kaza ta ga tarin ƙananan ƙwai manne da bayanta. Wannan shi ne gidan ƙwai. Cikin hikimar Allah, na gefen hagu kaɗai ke girma ya yi aiki, na dama yana nan ɗan mitsitsi a kwance. Gidan ƙwan nan na hagu shi ke fitar da sinadarin da ke riƙe kaza a siffarta ta mace. Idan ƙari ya fito masa, ko cuta ta cinye shi, ko tsufa ya kashe shi, sinadarin sai ya yanke. A nan ne na daman ke farkawa, ya girma ya zama kamar marainan zakara, ya shiga fitar da sinadarin maza. Daga nan zanko ya tashi, murya ta buɗe, in ta zubar da gashi sabon ya fito irin na zakara. A asalin halittarta kaza ce har ta mutu, kuma galibi ba ta ƙwai, ba ta ba wata kaza ƙwai mai ƙyanƙyasuwa. Wata ma lafiyarta ƙalau, rashin zakara a akurki ne ya sa ta zama shugabar 'yan'uwanta har take gwada cara.

Wannan ba zance ne na jiya ba. Tun 1780 wani likitan Ingila, John Hunter, ya rubuta bayanin matan wani tsuntsu dangin kaza da suka ɗauki gashin maza bayan sun tsufa. A 1923 wani masani a Edinbara, F. A. E. Crew, ya ba da rahoton wata kaza da ta yi shekaru tana ƙwai, sannan ta koma siffar zakara har ta bi wata kaza aka sami 'yan tsaki biyu. Da ta mutu aka feɗe ta, sai aka tarar tarin fuka ya cinye gidan ƙwanta. A shekarun nan na 1920 masana sun riƙa cire wa kaji gidan ƙwai na hagu da hannunsu, suna ganin na dama ya girma, kazar ta yi zanko. Abin da likita ke iya haddasawa da wuƙar tiyata, ina ruwan aljani da shi?

Agwagwa ma haka take. A irin ta Turai, wadda toronta ke da koren kai da ɗan gashi mai lanƙwasa a jela, tsohuwar mace kan fito da waɗannan kamanni in gidan ƙwanta ya mutu. Sau da yawa ma babu abin da ya canza, ido ne ya ruɗu, domin ƙaramin toro kamannin uwarsa gare shi sai ya yi wasu watanni, babban toro kuma yakan sa gashi irin na mace na ɗan lokaci bayan ya gama barbara.

Kada wani ya ɗauka Baƙar fata kaɗai wannan duhu ya taɓa rufewa. A 1474, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, hukuma ta yanke wa wani zakara hukunci, aka ƙone shi a bainar jama'a bisa laifin wai ya yi ƙwai. Ga dukkan alamu kaza ce mai kayan zakara. Su dai sun bar wannan wauta sun koma ɗakin bincike. Abin kunya shi ne al'ummar da aka yi wa maganin camfi shekara dubu da ɗari huɗu da suka wuce, ita ce har yau ke rawar jiki don kukan tsuntsu.

Larabawan jahiliyya da tsuntsu suke duba, in ya tashi dama su yi tafiya, in ya yi hagu su fasa. Manzon Allah (SAW) ya rushe wannan, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, a ruwayar Abu Dawuda kuwa ya kira shi shirka. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Yana cikin zafin rashin ɗa, bai yarda ya bar su a kan ɓata ba, ya sanar da su rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. To in rana da girmanta ba ta ba da labarin ajalin ɗan Annabi ba, kazar da ke tonon bola ce za ta san ajalin maigida? Muslim ya ruwaito cewa mai zuwa wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Suratul Hujurati ta hana mummunan zato. Wanda ya saki matarsa a kan carar kaza, ya haɗa duka ukun a wuyansa: camfi, da zuwa wurin boka, da ƙazafi.

Laifin ba na boka ba ne shi kaɗai, shi ɗan kasuwa ne, jahilci ne jarinsa. Ina malaman da ke kwana suna jayayya a kan ƙabalu da sadalu, amma ba su taɓa hawa mumbari sun yi huɗuba a kan wannan ba? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ga shi kuwa kiwon kaji a hannun mata yake, su ne boka ke fara kamawa. Ina kuma 'yan bokon da suka karanta wannan a makaranta suka bar shi cikin Turanci? Ga cibiyar binciken dabbobi a Vom tun 1924, ga ta Shika kusa da Zariya, ilimin yana nan a ƙasa, amma mai kaza a ƙauye bai ji ba. Rashin sani, in ji Hausawa, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Saboda haka duk gidan da kaza ta yi cara, a kwantar da hankali. In an ga dama a bar ta ta ci tsabarta. In an ga asarar hatsi ce tunda ta daina ƙwai, a yanka ta da sunan Allah don miya, a duba cikinta, in an ga ƙari ko ƙuraje a hanta a binne ta, a nemi malamin dabbobi ya duba sauran. Amma yankan da aka yi don kore mutuwa ko don iskoki, wannan mai yin sa ya binciki tauhidinsa. Wanda kuma ya riga ya ɓata sunan wata baiwar Allah, ya je ya nemi gafararta tun tana da rai, domin ranar hisabi boka ba zai tsaya masa ba.

Allah Ya tsare al'ummar Musulmi daga shirka, ƙarama da babba.