Titi Ya Yi Kyau, To Ina Ruwa?

Akwai wani abu da na daɗe ina gani a birnin Kano, tun ina yin shiru har na ga shirun ba shi da amfani. Ran nan muka wayi gari a unguwarmu sai ga manyan motoci da katafila, aka ce an ba da kwangilar sake gina titinmu. Kowa ya yi murna, gama mun sha taɓo da damina, mun sha ƙura da rani. Aka kankare, aka zuba marmara aka daddaɓe, aka gina lambatu dama da hagu, sa'an nan aka malala kwalta baƙa ƙirin, sai ƙyalli ta ke yi. Amma tun ran da bakin katafila ya taɓa ƙasa famfon gidanmu ya ɗauke, haka na maƙwabta duka, don bututun da ke kawo mana ruwa yana kwance ne ƙarƙashin tsohon titin, injin kuwa ya tumɓuke shi kamar rogo.

Muka tafi wurin masu aikin titi, suka ce su titi aka ba su, ba ruwansu da ruwa. Muka tafi wurin masu ruwa, suka ce ba wanda ya sanar da su za a taɓa wurin, kuma ba a sa kuɗin sabon bututu cikin lissafin wannan shekara ba. Muka koma sayen ruwa a kura. Wajen shekara guda bayan haka sai ga leburori da diga, suka tsaga sabuwar kwaltar nan tun daga bakin masallaci har kan kwana, suka binne bututu, suka tura ƙasa suka tafi. Da damina ta faɗi wurin ya lotsa, ruwa ya kwanta, kwalta ta yi ta ɓarewa kamar ƙanzo. Yau in mai mota ya bi ta nan sai ya rantse ba a taɓa gyaran titin ba.

To, jama'a, wannan ba tufka da warwara ba ne? Kuɗin da aka yi titin da su daga baitulmalin jama'a suka fito, kuɗin da aka fasa shi da su daga can suka fito, in kuma za a sake gyara shi can za a koma. Magana ɗaya na ke so in kafa, ita ce kada a ƙara zuba kwalta a kan titin da gidajen mutane ke gefensa sai an binne bututun ruwa a ƙarƙashi, an gwada shi an ga ba ya yoyo. Wanda ya juya wannan tsari ya sa riga ne kafin ya yi wanka.

Kada mai karatu ya zaci ruwan famfo baƙo ne a Kano. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta gina ma'aikatar ruwa a bakin kogin Challawa da kuɗin baitulmalinta, ana turo ruwa har tankin da ke kan Gwauron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari. A lokacin nan garin ƙarami ne. Ƙidayar 1952 ta sami mutum wajen 130,000 ne a Kano da kewayenta na kusa. Amma a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun kai mutum wajen miliyan 2.8, kuma tun daga ran nan ba a daina haihuwa ba, baƙi ba su daina shigowa ba. An yi ƙoƙari wajen tara ruwa, wannan ba mai musu. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda Gwamna Audu Baƙo ya sa aka gina, aka ƙara ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, daga baya aka gina sabuwar matatar Tamburawa wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 kowace rana.

Bari mu ɗan yi lissafi tare. Masanan lafiya na duniya sun ce mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 50 a yini don sha da girki da wanka da wanki, watau jarka biyu irin ta lita 25 da 'yan garuwa ke turowa a kura. In ka ba mutum miliyan 2.8 jarka bibbiyu, lita miliyan 140 ke nan. Ashe a takarda matata guda ta isa ɗaukar wannan nauyi na mutanen 2006. Me ya sa ke nan unguwanni da yawa su kan yi wata da watanni famfo bai ko yi tari ba? Rashin wutar lantarki da lalacewar injuna suna ciki, yawan jama'a ma yana ciki. Amma babban rami yana tsakanin matata da randar uwargida, watau cikin bututun da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Waɗansu sun tsufa sun yi tsatsa, waɗansu an binne su ne don gidaje hamsin yau gidaje ɗari biyar ke tsotso, waɗansu masu aikin titi sun fasa sun rufe da ƙasa sun yi gaba, sababbin unguwanni kuwa da yawa ba a taɓa kai musu ba ko kaɗan. Kome yawan ruwan da ka tace, in ka zuba shi cikin kwando ba zai kai gida ba.

Asarar ruwa ma da sauƙi, akwai abin da ya fi ta muni, ina so mai karatu ya natsu a nan. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko da ya huje, ruwan waje ya ke fita, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Amma ran da aka ɗauke ruwa, bututu ya zama wofi, sai ya riƙa zuƙa kamar yadda yaro ke zuƙar fura da tsinken kara. In hudar nan tana kwance cikin kwata, ko kusa da masai, to abin da ke cikin kwatar shi zai shiga. Gobe in an sako ruwa, shi zai fara isa randa. Dubi lambatun unguwarku ka gani, da wuya ka rasa siraran bututan roba sun ratsa cikinsa, an ɗaure mahaɗarsu da tsumman roba. Galibi haka ta kan faru ne bayan aikin titi, sa'ad da aka gina lambatu aka yanke wa gidaje hanyar ruwansu, kowa ya nemo mai gyaran famfo ya ja masa ta inda ya samu.

Wannan ita ce hanyar ciwon amai da gudawa, wanda likitoci ke kira kwalara. Ba yau aka gane haka ba. A shekarar 1854 ciwon ya faɗa wa wata unguwa a birnin London, ya kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana rubuta inda kowane mamaci ke ɗiban ruwa, ya tarar yawancinsu famfon rijiya guda su ke sha a wani titi da a ke kira Broad Street. Aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya sai ga ramin masai dab da rijiyar, yana tsiyaya a ciki. Mu kuwa a Nijeriya, a shekarar 2021 kaɗai mutum fiye da 100,000 aka ba da labarin sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, Kano da Bauchi da Jigawa suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ajali na Allah ne, amma Allah bai ce mu haɗa ruwan sha da kwata ba.

To me ya sa masu mulki su ka fi son titi? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Titi ana ganinsa. A kan kafa allo a bakinsa da suna, a ɗaura ƙyalle a yanke da almakashi, maroƙa su yi kirari. Gadar sama kuwa ko makaho ya ji labarinta. Amma bututu da an binne shi ya shiga kabari, ba mai ɗaukar hotonsa. Mu talakawa mu muka koya musu haka, don mu kan tafa wa abin da ido ya gani, mu manta da abin da maƙogwaro ke bukata. Ban ce titi ba shi da amfani ba. Mai ciki da a ke gaggawar kai wa asibiti ta san amfaninsa, ɗan kasuwa ma ya sani. Abin da na ce shi ne titin da aka yi bisa ruɓaɓɓen bututu ba zai yi ƙarko ba. Babu maƙiyin kwalta kamar ruwan da ke tsatsafowa daga ƙasa. Ya kan jiƙa marmara ta yi laushi, babbar mota ta taka, wurin ya faɗa. Sau da yawa ramin da ka gani tsakiyar titi da rani tsaka, yana da danshi alhali ba a yi ruwan sama ba, bututu ne ke kuka a ƙasa.

Za a ce mini babu kuɗin yin biyun gaba ɗaya. Na ji. Amma wane ne ya fi tsada, haƙa rami sa'ad da titi ke buɗe, ƙasa a tone, injuna da leburori suna wurin, ko kuwa dawowa a fasa kwalta, a haƙa, a cike, a sake liƙewa? Facin kwalta kuwa bai taɓa kai asalinta ƙarfi ba. In kuɗin mil goma ne a hannu, gara a yi mil bakwai da bututunsa da a yi goma da za a farke baɗi.

Za a kuma ce ai yanzu kowa yana haƙa rijiyar burtsatse. Kowa wa? Mai hali dai. Shi ma mai halin bai tsira ba, gama yawancin birnin Kano bisa dutse ya ke zaune, ruwan ƙasa yana cikin tsaguwar dutsen ne, ba teku ba ne. In kowane gida ya soka tasa, ta wani za ta janye ta wani, ga shi kuma a cikin lungu tsakanin rijiyarka da masan maƙwabcinka bai fi taku goma ba. Talaka kuwa sai kura. Ban ga laifin 'yan garuwa ba, da ba don su ba da ƙishirwa ta kori rabin garin. Amma duk mai gidan da ya zauna ya lissafa abin da ya ke ba su a wata, ya gwada da kuɗin famfo, zai ga wanda ya fi kowa talauci shi ke sayen ruwa mafi tsada, kuma bai san daga inda aka ɗebo shi ba. 'Yarsa kuma da ya kamata tana aji da ƙarfe takwas tana bin layi da bokiti.

Mu ma muna da namu laifi, kada mu ɓoye. Akwai mai tashi da tsakar dare ya sassare kwalta ya saci ruwa daga babban bututu, ya bar shi yana zuba. Akwai mai ruwa a gida amma in an kawo takardar biya ya ce ba ya nan. Mun cike kududdufan da kakanninmu suka bari suna shanye ruwan sama mun yi gini a kai, mun mai da lambatu juji, sa'an nan in ruwa ya hau titi ya ci kwalta mu zagi ɗan kwangila. Duk da haka laifin mai shiri ya fi na mai bi girma.

Shiri a takarda kuwa ba mu rasa shi ba. Tun a shekarun 1960 wani Bature mai suna Trevallion ya rubuta wa Kano tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, garin kuwa ya tsallake tsarin ya yi gaba abinsa. Abin da ya rage ba wani dogon ilmi ba ne. Ofishin ayyuka da ofishin ruwa da ofishin tsara gari su zauna a tebur ɗaya kafin a sa hannu a kwangila, da taswira a gabansu mai nuna inda kowane bututu ya bi, da faɗinsa, da shekarar da aka binne shi. Yanzu a wurare da yawa wannan taswira tana cikin kan wani tsohon ma'aikaci ne, ran da ya yi ritaya ta tafi tare da shi. A sa kuɗin bututu cikin kwangilar titin, a rubuta cewa wanda ya fasa shi zai gyara kafin a biya shi sauran kuɗinsa. A binne babban bututu a gefe, ba tsakiyar titi ba, a ja wa kowane gida nasa reshe har bakin ƙofa ko da mai gidan bai shirya ba tukuna, a kuma ratsa bututan wofi ƙarƙashin titi nan da can don mai bukata gaba ya zura nasa ba sai ya fasa ba. Ramin kuma a riƙa cika shi kaɗan kaɗan ana daɓewa, ba a tura ƙasa gaba ɗaya ba. Bayan an zuba kwalta a hana tsaga ta har shekara biyar, sai fa in bututu ya fashe.

Kai kuma mai karatu, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ran da ka ga masu awo sun shigo unguwarku suna shafa jan fenti a bango, kada ka tsaya tambayar taku nawa za a ci daga shagonka kaɗai. Ku tara dattawa ku sami mai unguwa, ku rubuta takarda zuwa ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma, ku aika da kwafinta ofishin ruwa. Ku tambaya ko akwai bututu ƙarƙashin titin, ko an sa sabo cikin kwangila, da kuma wanda zai mayar wa gidaje ruwansu in an yanke. Ku sa kwanan wata, ku sa hannu, wanda ya karɓa ya buga muku hatimi a kan kwafinku, ku ba liman ko mai unguwa ya ajiye. Mu a unguwarmu ba mu yi haka ba sai da katafila ta tafi, ga shi har yau kurar mai garuwa ce ke kakkafewa cikin ramin nan na bakin masallaci, yara suna taya shi turawa.