Kafin ki zuba kuɗi a fandeshan, dubi fatarki tukuna

Maƙalar wannan makon ta shiga ɗakin mata, amma maza kada ku gudu, akwai rabonku a can ƙasa.

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, ƙorafin mata masu busasshiyar fata iri ɗaya ne: an shafa fandeshan da safe fuska ta yi lumui, kafin azahar gefen hanci ya yi furu-furu, kumatu sun tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Shawarar da aka fi ba su ita ce su daina sayen na araha su sayi mai tsada. Ni ban yarda da wannan shawara ba. Ina ganin tana cinye kuɗin mata a banza, domin yawancin lokaci matsalar tana wurare biyu ne da ba ruwansu da farashi: nau'in fandeshan ɗin, da halin da fatar take ciki kafin a shafa shi.

Mu fara da fatar. Saman fatarmu wani siririn bango ne na matattun ƙwayoyin halitta da maiƙo ya liƙe su, shi ke hana ruwan jiki tsiyayewa. Mai busasshiyar fata wannan maiƙon ne ya yi mata ƙaranci. Idan hunturu ya kankama a Kano ko Katsina ko Damagaram, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai iskar ta riƙa zuƙe ɗan ruwan da ya rage, gefen waɗannan ƙwayoyin ya ɗago, shi ne gautsin da kike ji idan kin shafa fuskarki. Fandeshan kuwa launi ne da aka dama da ruwa da mai. Duk inda ya tarar da ɓawo, nan zai taru ya nuna shi. Ko daga Faransa aka zo da kwalbar, haka za ta yi.

To ga inda ake tafka asara. Yayin da ake ciki yanzu shi ne fuska mara ƙyalli, wadda ake rubuta wa "matte" a jikin kwalba. An haɗa irin wannan ne domin masu fuska mai maiƙo, cike yake da garin da ke tsotse mai, irin su silika da farar ƙasa. Ki ɗora wannan a fuskar da dama ba ta da man, me kike tsammani? Misali mai sauƙi: kamfanin Maybelline yana da Fit Me iri biyu, Matte + Poreless da Dewy + Smooth. Suna ɗaya, kwalba kusan ɗaya, amma na farkon na masu maiƙo ne, na biyun shi aka yi wa fata mai bushewa. Mace za ta shiga shago ta ce a ba ta Fit Me, a miƙo mata na farkon saboda shi ya fi yawa a kanta, ta je gida fuska ta yi mata toka-toka, ta yanke hukuncin cewa kayan araha ba su da kyau. Alhali kalma ɗaya ce a jikin kwalbar ba a karanta ba.

Saboda haka ki juya kwalbar ki duba bayanta. Ƙa'idar jera kayan haɗi ita ce wanda ya fi yawa shi ke zuwa farko. Idan kin ga gilisarin cikin sunaye biyar ko shida na farko, alama ce mai kyau, domin aikinsa jawo ruwa ya riƙe a fata, kuma sinadari ne mai arha, shi ya sa ake samunsa har a ƙananan kaya. Idan kuwa "Alcohol Denat." ne ya zo a sahun gaba, ki ajiye, zai bushe da wuri ya tafi da ɗan danshinki. Ki zaɓi na ruwa ko mai kama da kirim, ki bar na gari da wanda ke alfaharin ba ya ɗauke da mai. Mai turare sosai ma ki yi hattara da shi, fatar da ta tsage tana saurin yin zafi da ƙaiƙayi.

Akwai kuma waɗanda ake tallatawa da cewa suna yini har su kwana ba su goge ba, kuma ana ƙara musu kuɗi saboda haka. Macen da za ta yi alwalar azahar da la'asar me za ta yi da fandeshan na awa 24? Don ya manne aka yi shi, sai an goge shi da ƙarfi yake fita, gogar kuma ita ce ke ƙara ɗaye fatar. Marar nauyi da ke fita da wanki ɗaya, a shafa mai a sake ɗora kaɗan, ya fi dacewa da yadda yininmu yake tafiya.

Yanzu ga abin da na fi so a riƙe. In da kuɗin da ke hannunki na abu ɗaya ne kawai, ni man shafawa zan ce ki saya, ki haƙura da matsakaicin fandeshan. Ki wanke fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, duk da na san sanyin asuba ba ya barin mutum ya ji wannan magana. Sabulun salo da muke yabo yana da kaifi, yana kwashe maiƙon fuska tas, mai busasshiyar fata ta rage shi a wannan lokaci. Tun fuskar tana da ɗan danshi ki shafa mai, kada ki bari ta bushe ƙayau. Da dare ki bi da ɗan man kaɗe ko basilin a wuraren da suka fi gautsi, su ne ke toshe hanya kada ruwan ya fice. Da safe kuwa kada ki labta su, fandeshan zai riƙa zamewa ya yi dabbare-dabbare. Mai marar nauyi ya isa, ki ba shi kamar minti goma ya shiga, sannan ki ɗiga fandeshan kaɗan ki daddanna da jiƙaƙƙen soso maimakon ki murza. Hoda a goshi da hanci kawai, in ma da buƙata. Da yawa daga cikin kwalaben da aka jefar da sunan ba su da kyau, da an yi musu wannan shimfiɗa da sun zauna lafiya.

Na san masu sana'ar kwalliya za su ce mai tsada ya fi laushi, ya fi yawan launuka. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan ba. Har 2017, lokacin da Rihanna ta fito da Fenty Beauty da launi 40 a tashi ɗaya, manyan kamfanoni da yawa ba su damu da baƙar fata ba, launi biyu ko uku suke jefo mana a ƙarshen layi. Amma abin ya canja, ƙananan kaya ma sun faɗaɗa, ga kuma kamfanonin gida irin su Zaron da House of Tara waɗanda tun asali fatar 'yan Najeriya suka sa a gaba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, duk abin da aka shigo da shi daga waje farashinsa ya yi tsalle. Wadda ke yi wa amare kwalliya tana mayar da kuɗinta daga aikin. Ɗalibar da ke shafawa don zuwa lacca ba ta da inda za ta mayar.

Sai dai araha ma tana da iyaka. Idan kin ga sanannen suna ana sayar da shi rabin kuɗin da kowa ke sayarwa, a kan tebur cikin rana, to jabu ne har sai an tabbatar miki da akasin haka, kuma ba wanda ya san abin da aka dama a ciki. Gara ƙaramin kamfani na gaskiya mai lambar NAFDAC da babban suna na ƙarya. Ki duba ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani da ke jiki, idan an rubuta 12M a ciki, wata goma sha biyu ke nan daga ranar da kika buɗe. Wanda ya rabu, mai a sama launi a ƙasa, ko warinsa ya canja, ya gama aiki.

Batun launi kuma, mu faɗa wa juna gaskiya: da yawanmu da gangan muke ɗaukar wanda ya fi mu haske. A busasshiyar fata wannan ya fi muni, domin hasken kan kwanta a kan ɓawon ya fito kamar an barbaɗa toka, wuya baƙi fuska fara. Ki gwada a muƙamuƙi, ba a bayan hannu ba, ki fita daga hasken fitilar shago ki duba a rana, ki ɗan jira, domin wasu kan ƙara duhu ko su yi ja bayan 'yan mintoci. Wadda kuma bushewar tata ta samo asali daga man bilicin, maganarta daban ce. Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Irin wannan fuskar likitan fata take buƙata, babu kwalbar da za ta rufe ta.

Ga rabon maza da na yi alkawari, ku da dangin ango masu haɗa lefe. Ana cika akwati da kayan kwalliya masu tsada ba tare da an san launin amarya ko irin fatarta ba, daga ƙarshe a rarraba wa ƙanne ko su lalace a kan madubi. Atamfa kowa ya ɗinka ta zauna masa, fandeshan ba haka yake ba. Ku sa ƙanwarku ta tambayi ƙawar amarya suna da lambar wanda take shafawa, ko ku ware kuɗinsa a ba ta ta zaɓa da kanta.