Ƙwallon Tanis: A Sayi Mai Ƙarko

Ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sayo kayan wasanni na makarantu yakan dubi farashi ne kawai, wanda ya kawo mafi araha shi ke samun kwangila. A kan ƙwallon tanis wannan lissafi ba ya fita, kuma ya kyautu jami'an ilmi na Jihar Katsina su san dalili kafin su sa hannu a takardar saye.

Ƙwallon da aka saba gani roba ce wadda aka cusa wa iska da ƙarfi, aka lulluɓe ta da ƙyallen ulu da nailan. Iskar nan ce ke sa ta tashi in ta bugi ƙasa, don haka ake sayar da ita cikin gwangwani a liƙe. Da zarar an buɗe shi, iskar za ta soma sulalewa ta jikin robar, ko an buga ko ba a buga ba, cikin 'yan makonni ƙwallon ta mutu. A manyan gasa akan canja ƙwallaye bayan wasanni 7 na farko, daga nan kuma bayan kowane 9. Gasar Wimbledon ta Landan kaɗai tana cin ƙwallo fiye da 50,000 cikin mako biyu. A duniya ana ƙera sama da miliyan 300 kowace shekara, galibinsu kuwa a juji suke ƙarewa, domin raba ƙyallen da robar aiki ne mai wuya.

Akwai wata irin ƙwallo wadda ba ta dogara da matsin iska ba, kaurin robarta ne ke sa ta tashi. Kamfanin Tretorn na ƙasar Suwidin ya daɗe yana yin irinta. A 2019 kamfanin Wilson na Amurka ya fito da tasa mai suna Triniti cikin kwalin takarda, ya ce tana riƙe ƙarfinta ninki huɗu fiye da ta gwangwani. Wannan faɗar mai kaya ce, amma abin da ba a gardama a kansa shi ne ƙwallon da ba ta da iskar da za ta zube ba ta mutuwa a ajiye. Aibinta guda, ƙwararru na kukan tana da tauri a hannu. Ɗalibin da ke koyon riƙe raket bai kai wannan matsayi ba tukuna.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne ƙananan hukumomi irin su Batsari da Safana, waɗanda ke bakin Dajin Rugu, inda shekarun ta'asar 'yan bindiga suka taɓa karatun yara ƙwarai. Makarantar da ke fama da gyaran rufi da kujeru, in ta sami kayan wasa sau ɗaya, ba ta san ranar da za ta sake samu ba. Gwangwanin da aka buɗe a zangon farko ba zai kai na biyu ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, ƙwallon tanis kuwa daga waje take zuwa, alhali ana noman roba a Jihar Edo, har da cibiyar bincikenta a Iyanomo kusa da Benin.

Kada wani ya ce tanis wasan manya ne. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, gasar Dala kuma ta Kano ta fito da 'yan wasan Arewa da dama. Yaron Batsari abin da yake bukata fili ne, da bango, da ƙwallon da za ta kai shi ƙarshen shekara.

Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Ilmi ta riƙa rubuta irin ƙwallon da take so a takardar neman kwangila, ta auna kuɗin da watannin da ƙwallon za ta yi tana aiki. Waɗanda ƙyallensu ya sule kuma kada a zubar, a miƙa su ga makarantun firamare na kusa, inda ƙananan yara za su koyi jifa da cafewa da su.