A Ba Masu Bincike Ɗan Yankin Mabiyiya

'Yan uwana masu juna biyu, idan masu bincike suka nemi ɗan yankin mabiyiya bayan haihuwa, a ganina a ba su. Na san binne ta muke yi. Sauran za a miƙa wa dangi. Tun 1975 ake baza furotin ɗin nama kan wani faifai da lantarki, kwance sannan tsaye, kowanne ya fito ɗigo daban. Da haka ake kwatanta mabiyiyar mai lafiya da ta mai hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Na sha kwana a kan mai jijjiga, ba daɗin gani. Amma sai an yi miki bayani kin amince. In kin ƙi, kulawarki ba za ta ragu ba.