Zaman Banza Ɓarawon Albashi

Kowane wata kukan da ake ji daga bakin akawuna da malaman makaranta ɗaya ne, watau albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Kukan nan gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kome ya yi tsada, kuma naira 70,000 da aka yanka a 2024 ta zama albashi mafi ƙanƙanta ba ta ɗauke wa magidanci nauyin gidansa ba. Wannan magana tana wuyan hukuma. Amma akwai wata kafa da kuɗi ke zurarewa wadda mu ne muka huda ta da hannunmu, ita ce muke so mu jawo hankalin masu karatu a kanta yau.

Kafar nan ita ce zaman banza. Malami ya sallami yara tun da azahar, akawu ya rufe ofis da la'asar, to, daga nan har a kwanta sa'o'i ne masu yawa waɗanda ba a yi musu tanadin kome ba. Zuciya kuwa ba ta jure zama haka kawai. In gundura ta kama mutum sai ya ƙosa, ya tashi ya zauna, ya rasa inda zai sa kansa, abin da ya fi kusa da hannunsa kuwa aljihu ne. Sai ya nufi teburin mai shayi ba don yunwa ba, ya biya wajen mai tsire, ya shiga gidan kallon ƙwallo, ya sayi goro ya raba wa 'yan majalisa. Daɗin sayen ba ya kwana. Gobe da la'asar gundurar za ta dawo, a sake biyanta.

A da, mai son kashe kuɗi sai ya sa takalmi ya fita, ya ƙirga su da hannunsa yana ganin suna raguwa, wannan kuwa kan sa ya yi tunani. Amma wayar hannu ta shigo a 2001, sa'an nan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya. Yanzu kasuwa ta biyo mutum har kan gadonsa. Yana kwance zai sayi data ya raba dare yana kallo, ga shi kuwa an ƙara kuɗin kira da na data a 2025. Yana cikin kallon nan za a tallata masa takalmi ko agogon da bai taɓa tunaninsa ba. Mafi muni ita ce cacar ƙwallo, wadda takan fara da naira ɗari don a kashe lokaci, ta ƙare da cin bashi wajen masu ba da rance ta waya. Su kuwa waɗannan, in biya ya gagara, wasunsu kan aika wa dangin mutum da abokan aikinsa saƙon tozarci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta Tarayya ta far musu a 2022. Malamin da aka yi wa haka, da wane ido zai dubi ɗalibansa?

Ku akawuna, lissafi aikinku ne, to, ga shi. Wanda ke ɓatar da naira 500 kowace rana ya ɓatar da naira 15,000 a wata, watau fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashi mafi ƙanƙanta. A shekara kuɗin sun kai naira 182,500, sun wuce albashin wata biyu da rabi. Da ɓarawo ne ya haura katanga ya ɗauke su dare ɗaya, da unguwa duka ta ji kururuwa.

A 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Sai dai an rufe shago ne, wayar tana nan a aljihu, sa'o'in nan na banza kuma suna nan ba a cike su ba. Ciyawar da aka sare ba a tone saiwarta ba, damina ɗaya ta ishe ta.

Magabatanmu a aikin nan sun san maganin abin. A zamanin En'e, kafin a sāke tsarin ƙananan hukumomi a 1976, an buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, kuma a shekarun 1950 masu ilmin boko da yawa suka ba da yammacinsu ga azuzuwan Yaƙi da Jahilci. Wanda ke gaban allo yana koya wa dattijai baƙi da wasali ba shi da lokacin jin gundura. Saboda haka muna roƙon gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su raya ɗakunan karatu da filayen wasa, su ƙarfafa azuzuwan manya, gama har yanzu marasa karatu suna da yawa.

Shi kuma ma'aikaci kada ya jira hukuma. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta kowace naira da ta fita hannunsa bayan tashi daga aiki, wata ɗaya tak, zai ga abin mamaki. Ran da albashi ya shigo, ya fara fitar da kuɗin abinci da na makarantar yara da zubin adashi kafin ya zauna majalisa. In ya ji yana son sayen abin da ba ya cikin lissafi, ya bari ya kwana, sau da yawa gari na wayewa sha'awar ta gushe. Sa'an nan ya ba yammacinsa aiki, ko lambu, ko kiwon kaji, ko bitar karatu da 'ya'yansa, ko neman ƙarin ilmi don jarrabawar ƙarin girma. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya. Kunne ya ji, jiki ya tsira.