Kafin Ka Ci Bashi Don Gyaran Falo, Zauna Mu Yi Lissafi

Ka san yadda abin yake faruwa. Ƙarfe sha ɗaya na dare kana kishingiɗe a ɗaki da falon da kake haya a Malali, kana ta latsa waya. Sai ga wani falo a TikTok: silin ɗin POP da fitilu zagaye, bango fari fes, talabijin manne a jikin katako mai sheƙi, labule tun daga sama har ƙasa. Ka ɗago kai ka dubi naka, ga fenti ya koɗe, ga kujera ta lotsa a tsakiya, ga labulen da aka rataya tun zamanin da ka tare. Nan take zuciya ta ce maka ai kai ma ba a fi ka ba.

Gaskiya ne, ba a fi ka ba, kuma son falo mai kyau ba laifi ba ne. A nan kake karɓar surukai, a nan abokai ke kallon ƙwallo, a nan ake cin tuwon Sallah. Abin da muke jan kunnenka a kai shi ne hanyar da matasa da yawa ke bi don su samu irin wancan falon, wato bashi.

Dubi lokacin da muke ciki. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nema wa kanta daraja, dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kaduna kuwa naira 72,000 ne. Kayan da ke burge ka a bidiyon nan, irin su takardar manna wa bango da fitilun ado da manyan kafet, akasarinsu daga Chaina da Turkiyya ake shigo da su, da dala ake sayo su. Kai kuma da naira ake biyan ka.

Shi ya sa wasu ke faɗawa hannun manhajojin ba da rance na waya. Minti biyar kuɗi sun shigo, amma ranar da ka makara da biya, sai saƙo ya isa wayar kawunka da malaminka da budurwarka cewa kai ɗan damfara ne. Abin ya yi ƙamarin da a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas. To don Allah, wane silin ne ya kai a yi maka wannan tonon asirin a kansa?

Ga kuma tambayar da ba a cika yi ba: gidan na waye? In haya kake, duk abin da ka manna a silin ko ka kafe a bango ya zama na mai gida. Ranar da ya ce ka tashi, ba za ka ɓamɓare POP ka loda a a-kori-kura ba. Wani mai gidan ma da ya leƙo ya ga wuri ya yi kyau, sai ya ƙara maka kuɗin haya, ka gyara da kuɗinka kuma ka biya kuɗin gyaran. Saboda haka ɗan haya ya riƙe wannan: manyan kuɗi su tafi kan abin da zai iya ɗauka ya tafi da shi. Duk gyaran da ya shafi gini, a zauna da mai gida tukuna, a rubuta a takarda nawa za a cire daga kuɗin haya, a sa shaida.

To da me za a fara? Da abin da ba ya cin ko sisi. Fitar da komai tsakar gida, ka share, ka goge, ka mayar da abin da kake amfani da shi kawai. Tsohuwar rediyon da ta mutu, kwalayen da ke bayan kujera, kalandar shekara uku da ta wuce, duk su fita. 'Yan gwangwan za su sayi ƙarafan, ka ga an samu na fenti. Falo da yawa matsalarsu cunkoso ce kawai.

Sai ka duba bango da silin. In akwai tabon ruwa ko filasta na zuba daga ƙasa, danshi ne, kuma wanda ya yi Agusta a Kaduna ya san ruwan garin nan ba ya wasa. A toshe yoyon kwano, a gyara filasta, a bari ya bushe, sannan a yi fenti. Wanda ya shafa fenti a kan danshi, damina ɗaya za ta kwaɓe shi.

Fentin ma da lissafi. Falo mai mita 4 tsawo da 4 faɗi, bango mita 3, in ka cire ƙofa da tagogi ya rage kusan murabba'in mita 40. Shafa biyu ya zama 80. Litar fentin ruwa mai kyau takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, ka ga lita 10 ta kusa isa. Babban bokiti lita 20 ne, sai ku haɗa kuɗi da maƙwabci ku raba. Zaɓi launi mai haske, amma ka tuna da ƙurar hunturu, fari fat ba ya daɗewa a garinmu, ruwan madara ko ruwan toka mai haske sun fi rufa asiri.

Kujeru su ne suka fi cin kuɗi, kuma a nan aka fi yin asara. Juya kujerarka ka duba katakon. In bai ruɓe ba, gara ba ta ci ba, to soso da yadi kawai take buƙata. Kaduna ba ta rasa masu wannan aikin ba. Panteka cike take da kafintoci da masu walda da za su yi maka teburin tsakiya ko abin ɗora talabijin daidai awon ɗakinka. Ka je da hoton da ka gani a Instagram ɗin, ka ji farashi a wuri uku, ka sayi yadin da kanka, kuma kada ka biya kuɗin aiki duka sai an gama. Da tsohuwar zuma ake magani, sau da yawa tsohon katako ya fi na sabuwar kujerar da aka lulluɓe da yadi mai ƙyalli ƙarko.

Labule kuwa, auna tagarka, ka shiga Kasuwar Sheikh Gumi ka yanki yadi, ko ka leƙa Kasuwar Barci wajen 'yan gwanjo, tela ya ɗinka. Ɗaga sandar labulen ta kusa silin, ɗakin zai yi kamar an ƙara masa tsayi. A haske, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, mita kuma ba ta gudu. In kuɗin kujera bai samu ba tukuna, darduma mai kyau da tum-tum guda huɗu falo ne cikakke, babu baƙon kirkin da zai raina.

Ke kuma 'yar'uwa mai shirin aure, maganar nan ta fi shafar ki. A al'adarmu iyayen amarya ne ke yin kayan ɗaki, kuma mun san gidajen da aka sayar da fili ko aka ci bashi don kawai 'yan ganin jere su ɗauki bidiyo. Su kwana ɗaya za su yi su watse, Baba kuma ya shekara biyu yana biya. Ke ce za ki iya cewa, "Baba, a yi daidai ƙarfi, sauran ma ƙara a hankali." Kalmar nan daga bakinki ta fi wa'azin kowa tasiri. Kai ma ango, ka ja wa 'yan'uwanka mata kunne su bar ƙirga kujerun 'yar mutane.

Mu tuna, mai bidiyon nan kusurwa ɗaya ya nuna maka. Bai nuna maka ɗaya ɓangaren ɗakin ba, bai nuna maka littafin bashinsa ba, wani ma shagon sayar da kujeru ne yake talla. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Shawararmu ita ce ka raba aikin wata-wata. Wannan watan shara da gyaran danshi, na gaba fenti, in ka kwashi adashi sai kujeru, labule ya biyo baya. Kafin wata shida falo ya canja, babu wanda ke bin ka ko kwabo, kuɗinka kuma sun shiga aljihun kafinta da tela na garinku. Yau da daddare, kafin ka buɗe TikTok, ɗauko awo da biro ka auna bangonka, ka rubuta abin da ya lalace da abin da kawai ya tsufa. Daga wannan takardar gyaran zai fara.