Tsatsa: Ɓarawon da ke bin injin mota bayan an gama gyara

Akwai wani direba da na sani a Kutemeshi wanda ya sayar da buhunan masara da bijimi ɗaya domin ya tayar da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, bayan ta shekara uku a kafe a bayan gida. An sauke injin, an kai bulo Kaduna an gyara ramukan silinda, an sa sababbin fistin da ringi da gasket, aka ɗaure. Ranar da ta tashi har yaran unguwa sun yi sowa.

Da aka zo cika lagireto, sai yaron gareji ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya. Babu wanda ya ce uffan, domin haka kowa yake yi. Ba a kai shekara ba motar ta fara tafasa a hanya. Da aka buɗe murfi, ruwan ya koma ja kamar kunun kanwa. Bakaniken ya dubi mai motar ya ce, "Maigida, sai haƙuri, tsatsa ce." Haƙurin kuwa shi ne a sake sauke inji.

Wani zai ce wannan ai maganar gareji ce, me ya kawo ta shafin jarida? Wanda ya san gabashin Birnin Gwari ba zai yi wannan tambayar ba. Kutemeshi ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, kuma ta ɗanɗana kuɗarta a hannun 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2021 an kashe mutum 14 a garin a hari guda. Shekaru aka yi motoci da dama suna ajiye, wasu saboda tsoron hanya, wasu saboda masu su sun yi gudun hijira. Bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a watan Nuwamban 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari, zirga-zirga ta fara dawowa. Tsofaffin Peugeot da Golf da Canter su ne ke fitar da masara da waken suya zuwa kasuwanni irin su Funtuwa da Dandume, su ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti. Motar da ta mutu a tsakiyar daji da almuru ta jefa rayukan mutane cikin haɗari, ko da sulhu ko babu.

Yawancin waɗannan tsofaffin motoci bulon injinsu na ƙarfen zubi ne. Shi kuwa ƙarfe, muddin ya haɗu da ruwa da iska, sai ya yi tsatsa, kuma zafi yana ƙara mata sauri. Akwai wurare uku da take kama bulo, kuma kowanne da irin maganinsa.

Na farko shi ne jikin bulo ta waje. Wannan ta fi muni a ido, amma ita ce mafi sauƙi. A goge ta da burushin waya, a wanke maiƙo, a bari ya bushe sarai, sannan a shafa fenti mai jure zafi. Abin lura kawai shi ne kada fenti ya taɓa fuskar da gasket zai zauna.

Na biyu shi ne cikin ramukan silinda da fuskar bulo ta sama. A nan ake yawan yin asara tun kafin a ɗaure inji. Ƙarfen da aka fito da shi daga wurin gyara tsirara yake, babu maiƙon da ke kare shi. Idan aka wanke shi da ruwa aka bar shi, kafin a yi sallar la'asar ya fara ja, musamman da damina. Sau nawa muka ga bulo a yashe a ƙasa a gareji, an rufa masa tsumma, ana jiran mai mota ya kawo cikon kuɗi har sati uku? Dokar mai sauƙi ce: da an wanke a busar nan take, a shafe shi da baƙin mai mai tsabta, a naɗe shi da leda, a ɗora shi kan katako. Idan tsatsar sama-sama ce, gogewar dutsen silinda tana fitar da ita. Idan kuwa ta yi ramuka har farce yana maƙalewa, to ringi ba zai taɓa zama daidai ba, motar za ta riƙa shan mai tana hayaƙi. Sai dai a sake faɗaɗa ramin ko a sa masa sabuwar riga. Bakaniken da ya ga irin wannan ya rufe ido ya ɗaure inji ya ci amanar mai mota.

Na uku, wanda ya fi kowanne ɓarna domin ido ba ya ganinsa, shi ne hanyoyin ruwa da ke zagaye cikin bulo. Ruwan rijiya da na rafi suna ɗauke da gishirin ƙasa. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ke taruwa a gindinta. Haka yake taruwa a cikin inji, ya haɗu da tsatsa, su hana zafi fita. Ɓarɓashin tsatsar ya toshe siraran bututun lagireto, ya cinye fukafukan famfon ruwa, ya huda 'yan murafan nan masu kama da kwabo da ke gefen bulo. A motocin da kan injinsu na alminiyam ne, bulo kuma na ƙarfe, kamar Peugeot 504 da Golf, ruwa tsura yana sa ƙarafan biyu su riƙa cin juna, kuma alminiyam ne ke shan kashi. Ƙarshenta gasket ya ƙone, ruwa ya shiga mai, inji ya buga.

Maganin wannan shi ne ruwan sanyaya inji, wanda kanikawa ke kira kulant. Mutane da yawa suna ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne, tunda a can yana hana ruwa daskarewa. Gaskiya ne yana yin haka, amma yana da wasu ayyuka biyu da suka shafe mu kai tsaye. Yana ɗauke da sinadaran da ke hana tsatsa, kuma yana jinkirta tafasa. Ruwa tsura yana tafasa a digiri 100, amma idan aka haɗa shi rabi da rabi da kulant sai ya kai kusan digiri 107, murfin lagireto mai kyau kuma ya ƙara masa juriya. Ruwan haɗin ya kamata ya zama tataccen ruwa, idan babu shi ruwan sama mai tsabta ya fi na rijiya. Irin kulant na gama-gari ƙarfinsa yana ƙarewa, don haka ana canza shi kamar duk shekara biyu. Kuma a kiyaye: yana da ɗan zaƙi amma guba ne, kada a zubar da shi inda yara ko awaki za su kai baki. Haka nan kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.

Mun san uzurin da za a kawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo. Mutumin da ya gama biyan kuɗin fistin da ringi aljihunsa ya bushe, ga rijiya kuma kyauta. Ana kuma kukan cewa wani abin da ake sayarwa a jarka ruwa ne kawai aka zuba wa launi. Duk waɗannan koke-koke ne na gaske. Sai dai kuɗin kulant ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin aikin inji, kuma araha ba ta ado. Wanda ya iya sayar da bijimi don fistin, bai kamata galan ɗaya ya gagare shi ba.

Don haka kiranmu na farko ga kanikawa ne. Ku sa wanke hanyoyin ruwa, da canza murafan gefen bulo, da kuɗin kulant a cikin lissafi tun ranar da ake ciniki. Zuba sabon kulant a kan tsohuwar tsatsa ɓarnar kuɗi ce. Ku kuma daina zuba ruwan batir mai asid ko soda a lagireto da sunan wanki, domin suna cin ƙarfe da alminiyam. Sannan al'adar cire tamostat a jefar ba ta maganin zafi, ɓoye ciwon kawai take yi.

Kira na biyu ga ƙungiyoyi ne. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW suna da rassa da shugabanni da ake jin maganarsu. Za su iya haɗa kuɗi su sayo kulant na gaske a dunƙule daga Kaduna ko Zariya, su sayar wa mambobinsu a tasha. Hukumar SON kuma, wadda aikinta ne tabbatar da ingancin kaya, ta leƙa shagunan kayan mota ta raba na gaske da na jabu.

Na uku ga gwamnatin Jihar Kaduna. Jihar da ke da kamfanin harhaɗa Peugeot tun shekarun 1970, da kasuwar Panteka, ba ta rasa gwanayen inji ba. A riƙa kai horo na 'yan kwanaki ga kanikawan Kutemeshi da Kuyello da Dogon Dawa, maimakon a tsaya a birni. Gyaran hanya da tsaro su ne kan gaba, amma motar da za ta bi hanyar ma tana buƙatar kulawa.

Kai kuma mai mota, gobe da safe kafin ka tayar da inji, buɗe murfin lagireto ka leƙa. Idan ka ga ruwan ya yi ja, kada ka jira sai ta tsaya da kai a daji ɗauke da kaya da fasinja. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.